Yadda Ake Zagaya Tsohon Birnin Katsina, a Kwana, a Wuce Daura

Yawancin masu zuwa Katsina biki ne ko ta'aziyya ke kawo su. Su shigo ta hanyar Kano, su wuce Ƙofar Ƙaura a cikin mota, a ɗaura aure, a ci waina, kafin la'asar sun juya. In ka tambaye su sai su ce ai sun san Katsina. Abin yana damuna, domin sau da yawa tsakanin gidan da suka sauka da hasumiyar Gobarau, wadda ta haura shekara 500 ana kiran sunanta, tafiyar 'yan mintoci ce. Na sha zagayawa da baƙi, 'yan uwa da abokai da ɗalibai, har na tsaya a kan tsarin da na ga ya fi dacewa: wuni ɗaya a cikin birni, rabinsa a ƙafa, a kwana, washegari a nufi Daura. Shi zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Na farko: zaɓen lokaci da kayan tafiya

Ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Akwai hazo da ƙurar hunturu, amma za ka iya yawo a ƙafa har hantsi ya ɗaga ba ka galabaita ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina ba abin wasa ba ne, wanda ya shiga lungu da tsakar rana a lokacin, ruwan sha kaɗai zai riƙa nema. Da damina gari yana yin kyau, sai dai lunguna kan cika da ruwa da taɓo.

Cikin mako, ka zaɓi rana tsakanin Litinin da Alhamis. Ma'aikatan gidan tarihi da na ofisoshin fada suna bakin aiki, ba kuma cunkoson Juma'a. In hawan Sallah kake son gani, wannan tafiya ce daban. Ranar hawa da washegari, ranar hawan Bariki, dawaki da hakimai da 'yan kallo sun cika ko'ina, za ka sha kallo ƙwarai, amma babu mai sararin tsayawa ya yi maka bayanin gini. Ka ware wa kowanne lokacinsa.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmi mai sauƙin cirewa, domin za ka cire shi sau da dama. Hula ko malafa, gorar ruwa, ƙaramin littafi da biro. Ka canzo kuɗi ƙanana, saboda masu keke napep da masu gadin wurare da sadakar da ba a rasa ba. Sutura ta mutunci: namiji doguwar riga da hula, mace hijabi ko mayafi babba. Cikin birni gidajen mutane ne, kuma da shigarka ake fara auna ka.

Sai maganar hanya, wadda ba zan ɓoye ta ba. Wasu hanyoyin jihar, musamman na yamma wajen Jibiya da Batsari, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Wannan zagaye bai bi ta can ba, cikin birni ne da hanyar Daura. Duk da haka ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon da za ka zo, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Na biyu: ka sami ɗan gari

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka taso ka nemi wanda aka haifa cikin ganuwa, ko da yaron abokinka ne, ya raka ka. Taswirar waya za ta kai ka bakin titi, daga nan ta bar ka. Ɗan unguwa ne ya san wane lungu ke ɓullewa, wane dattijo ke zama a wane dakali bayan sallar walaha, wa ke riƙe da mabuɗin wane wuri.

Ka kuma shirya bakinka da gaisuwa. Katsina ɗakin kara ake ce mata, kara kuwa ita ce kunya da kawaici da girmama baƙo, kuma ana sa ran baƙon ma ya rama. In ka iske dattawa, ka yi sallama, ka rage tsawo, ka gaishe su da "Baba, barka da hutawa", malami ka ce "Allah gafarta Malam", mai sarauta "ranka ya daɗe". Ka bari a gama tambayar gajiya da mutanen gida kafin ka kawo abin da ya kawo ka. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum ko ƙofar gidansa sai ka nemi izini. Na taɓa rakiyar wani baƙo da ya fara da hoto kafin sallama, dattijon da muka je dominsa ya amsa mana da kalma biyu ya ci gaba da jan carbinsa. Ranar mun yi asarar labari mai yawa.

Na uku: ka fara da Gobarau, da sassafe

Ƙarfe bakwai zuwa takwas na safe ka kasance a gindin hasumiyar Gobarau. Rana ba ta yi zafi ba, haske yana faɗa mata ta gefe, unguwa tana farkawa, almajirai na fitowa.

Kafin ka nemi hawa, ka ja baya ka tsaya ka dube ta. Tsawonta kamar ƙafa 50 ne, wato wajen mita 15. Gindin yana da faɗi, tana tsukewa hawa-hawa har ƙoli. Haka ake tsayar da dogon ginin ƙasa: nauyi ya taru a ƙasa, sama ta yi sauƙi. Wanda ya taɓa zuwa Agadas zai tuna hasumiyar babban masallacinsu, wadda ta kai mita 27. Ba siffa ɗaya ce da su ba, amma ilimin ginin ɗaya ne, kuma hanyar fatake da malamai ɗaya ce ta haɗa garuruwan biyu.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, wannan hasumiya ita ce ta rage daga wani babban masallaci. Ana danganta gina shi da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake lissafawa a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Masana tarihi sun rabu a kan shekarunsa: wasu sun sa shi a ƙarni na 14, wasu a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, kusa da lokacin da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya zo ƙasar Hausa wajen 1493, ya zauna Kano da Katsina. Masallacin ya zama wurin sallar Juma'a da wurin karatu mai zurfi, ɗalibai na zuwa daga nesa. Haka ya kasance har bayan jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi garin a farkon ƙarni na 19, aka mayar da Juma'a wani masallacin. Daga nan jikin tsohon masallacin ya yi ta zubewa, hasumiyar ce ta tsira, aka kuma yi mata babban gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Ka tambayi mai kula da wurin labarin Malam Jodoma, ka bar shi ya ba ka da bakinsa. A taƙaice, an ce da za a kafa masallacin sai malamai suka yi saɓani a kan alƙibla. Duka suka tsaya a kan fuska ɗaya, sai wani baƙon malami, Jodoma, ya ce ba nan ba ce. Aka gora masa baƙunta. Ya ɗaga sandarsa ya nuna, aka ce sai ga Ka'aba ana gani ƙuru-ƙuru. Aka bi tasa, aka ba shi limanci, daga baya hassada ta sa ya bar garin ya koma Guga ta ƙasar Bakori. Labarin baka ne, ka karɓe shi a matsayinsa. Abin da nake so a cikinsa shi ne garin da kansa ya adana labarin da aka wulakanta baƙo kuma baƙon ya fi kowa gaskiya, ya ci gaba da ba 'ya'yansa shi.

In an ba ka izinin hawa, ka cire takalmi, ku hau kaɗan-kaɗan, kada ku yi ayari. Matakalar ƙunci gare ta. Ka riƙe hannun yaro. Daga sama ka nemi ɗan rakiyarka ya nuna maka fada, babban masallaci, da fuskar da kowace ƙofa take. Minti biyar ɗin nan su za su sa sauran zagayen ya zauna maka a kai. A nan ne kuma za ka gane dalilin da ya sa aka riƙa amfani da ita wajen hango mahara tun suna nesa, a zamanin da babu ginin da ya kai ta tsawo.

Na huɗu: ka bi lungu, ka koyi karanta gini

Daga Gobarau zuwa fada ba nisa. Kada ka hau keke. Ka bi ta cikin unguwa, ka ma ƙara wa kanka hanya. Sunayen unguwannin birni kaɗai darasi ne: Masanawa, Gambarawa, Albaba, Gafai, Darma, Galadanci, Sulluɓawa, Unguwar Alƙali, Tsohuwar Kasuwa. Wasu sunan sarauta suka ɗauka, wasu sana'a, wasu asalin mutanen da suka fara zama. Duk unguwar da ka shiga ka tambayi dalilin sunanta.

A nan nake roƙon baƙona ya rage sauri, domin mafi yawan mutane suna wuce tsohon gini ba su san abin da za su duba ba. Ga abin dubawa.

In ka ga katangar da ta tsage ko ta zube, matsa ka leƙa cikinta. Za ka ga tubali, curin ƙasa mai faɗin gindi da tsukakken kai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai haɗe da ciyawa. Ka lura da kaurin bangon a ƙasa da yadda yake raguwa a sama. Kaurin nan ne ke sa soro sanyi da bazara, ɗumi da hunturu.

In an yi maka iso cikin wani zaure, ɗaga kai. Itacen da aka jera a rufi shi ne azara, daga giginya ake tsaga ta, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika cinta ba. Azara ɗaya ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi ta ɗauki nauyin ƙasa, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a dasa azara a bango, a riƙa ɗaura wata a kan wata tana leƙowa ciki, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. In bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, wannan shi ne ɗaurin guga. Ƙidaya bakunan zaure yana gaya maka matsayin mai gidan a zamaninsa.

Ka fito waje ka dubi zankwaye a kusurwoyin soro, da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango. Ka shafa jikin ginin. In ya yi duhu-duhu ja, yana da santsi da tauri, mai yiwuwa makuba ce, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa a shafe bango da ita don ruwa ya zame. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A bar shi damina uku ba gyara, sai ya fara narkewa. A shafe shi da siminti kuma, danshi ya maƙale a ciki, wata rana sai ɓawon ya ɓanɓaro da rabin bango. Da yawa daga sorayen da na sani ina yaro yanzu bulo ne da kwano. Ban ga laifin masu gida ba, gyaran ƙasa na cin kuɗi duk shekara, magina masu wannan ilimi kuma suna ƙaranci. Amma in ka yi sa'a ka iske tsohon magini a bakin aiki, ka soke duk abin da ke gabanka ka zauna wurinsa rabin sa'a.

Na biyar: Ƙofar Soro da Gidan Korau

Wajen ƙarfe goma ka fito filin Kangiwa, gaban fada. Ƙofar Soro na gabanka, babban masallacin Juma'a na kusa. Fadar Gidan Korau ake ce mata, ko da yake gidajen sarauta uku suka zauna cikinta: Haɓe zuriyar Korau, sai Dallazawa daga 1807, sai Sulluɓawa daga 1906. Sarakunan Haɓe da aka fitar lokacin jihadi su ne suka je suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake kiransa.

Tsayawa a fili da kallon ƙofa ba ya buƙatar izinin kowa. Shiga ciki kuwa sai da iso. In ku ƙungiya ce ko 'yan makaranta, ku rubuta takarda zuwa ofishin majalisar masarauta tun kwanaki kafin zuwanku. In kai kaɗai ne da ɗan rakiya, ka gaida dogaran da ke bakin ƙofa, ka faɗi daga inda kake da abin da kake so, ka bi abin da suka ce. Inda aka ce ka tsaya, ka tsaya. Cikin gida wurin iyali ne. In ka dace da zaman fada aka shigar da kai gaisuwa, takalmi a waje, ka durƙusa, ka ce "Allah ya ja zamanin Sarki", dogarai su amsa maka, ka tashi ba tare da jan zance ba.

Tambayoyi biyu nake ba baƙo shawarar ya yi wa duk bafaden da ya sake masa fuska. Ta farko, labarin Korau da Sanau: yadda Korau, baƙo daga 'Yandoto, ya kayar da Sanau, sarki na ƙarshe daga Durɓawa, gidan da ya riga Korau sarautar Katsina, a kokawa, sarauta ta bar gidansu. Ta biyu, takobin nan Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina tun zamanin Haɓe.

Sunan da za ka fi ji a bakin mutane shi ne Dikko, har kirarin garin ya koma "ta Dikko ɗakin kara". Yana Durɓin Katsina Turawa suka naɗa shi sarki a 1906, ya yi mulki har 1944. A 1921 ya je aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila. Daga gare shi wasan folo ya kafu a Katsina. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. In ka riƙe waɗannan shekaru, duk ginin da aka nuna maka aka ce "zamanin wane ne", ka san inda za ka ajiye shi.

Na shida: tsohuwar Kwalejin Katsina

Yanzu ka hau keke napep ka ce a kai ka gidan tarihi, tsohuwar kwaleji, wajen Rafukka. Ka isa kafin azahar don ka sami ma'aikata a natse. Ka sa hannu a littafin baƙi, ka biya abin da aka ce, ka nemi wanda zai zagaya da kai, ka kuma tambaya ko an yarda a ɗauki hoto a ciki.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe makarantar a watan Maris na 1922 don horar da malaman makaranta na Arewa. Da ƙasa aka gina ta, magina Hausawa suka yi aikin, don haka duk abin da ka koya a lungu da safe za ka gan shi a nan a fili: kaurin bango, azara, bakan gizo. A ɗakunan nan Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, haka Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 Zariya, ita ce ta zama Kwalejin Barewa. An sanya ginin cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959.

In da yara ka zo, a nan za ka daɗe. Ka shigar da su aji, su ga ƙanƙantarsa da ƙarancin haskensa, ka gaya musu Firayim Ministan Nijeriya na farko da Firimiyan Arewa a irin wannan ɗaki suka zauna. Na ga yadda fuskar yaro ke canzawa in ya ji haka yana tsaye a wurin, abin da karatun littafi bai taɓa yi masa ba.

Kafin ka fita ka tambayi ma'aikata game da Durɓi ta Kusheyi, inda kaburburan sarakunan Durɓawa suke, domin gobe za ka bi ta yankin.

Daga nan sai salla da abinci. Ka nemi tuwo ko dambu a inda ɗan rakiyarka ya yarda da shi, ka kora da fura da nono, ka kwanta har la'asar. Kada ka yi gardama da ranar Katsina.

Na bakwai: waliyyai, ganuwa da ƙofofi

Bayan la'asar ka ɗauki shatar keke na awa biyu, ku yi ciniki tun kafin ka hau.

Ka fara da maƙabartar Ɗan Marina. Shi da Ɗan Takum da Ɗan Masani, malaman nan uku da Katsinawa ke kira waliyyai, mutane ne da tarihi ya san su da rubuce-rubucensu. Ɗan Takum ya yi alƙalancin Katsina, ya rasu wajen 1529. Ɗan Masani ya rayu daga 1595 zuwa 1667, unguwar Masanawa na ɗauke da sunan gidansu. Ɗan Marina, wanda a littattafan Larabci ake kira Ibn al-Sabbagh, wato ɗan mai rini, shi ma a ƙarni na 17 ya yi zamani. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Ziyara ce, don haka a yi ta yadda shari'a ta koyar: sallama ga mamata, addu'a, ba hayaniya, ba taka kabari. Mata su tambayi abin da aka saba a wurin kafin su shiga.

Sai ƙofofi. Ƙofar Ƙaura tana fuskantar hanyar Kano, Ƙofar Ƙwaya hanyar Dutsinma, Ƙofar 'Yanɗaka hanyar Batsari, Ƙofar Guga hanyar Jibiya, Ƙofar Sauri hanyar Kaita, Ƙofar Durɓi hanyar Daura, ga kuma Ƙofar Marusa. Ka lura yawancinsu sunayen sarautu ne. Zan gaya maka gaskiya don kada ranka ya ɓaci: ƙofofin da za ka gani an sake gina su da kayan zamani, an faɗaɗa su don motoci. Darajarsu yanzu ita ce suna tsaye a inda na asali suka tsaya, suna nuna maka girman birnin. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar da mutane a wani ɓangare kaɗan na cikinta. An yi ta da faɗi haka ne don in an yi wa gari ƙawanya a sami gonaki da wurin kiwo da masaukin mutanen ƙauye a ciki.

In ba za ka iya zagaya duka ba, ka tsaya a Ƙofar 'Yanɗaka. Ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo da sojojinsa a 1903, zamanin Sarki Abubakar, ba a yi yaƙi ba. Ba a daɗe ba aka tuɓe Abubakar aka naɗa Yero, shi ma aka tuɓe shi a 1906.

Ganuwar kanta sai an nema. Ruwan sama ya ci, masu ɗibar ƙasa sun ci, gidaje sun hau. Ka ce wa mai keke ya kai ka inda guntunta ya rage. Za ka ga tudun jar ƙasa a bayan gidaje, wani wuri da kududdufi a gefensa. Ka sauka ka tsaya kusa da shi ka auna faɗin gindinsa da idonka, ka tuna da hannu da kwando aka tara wannan ƙasa. Ka ɗauki hoto, ka rubuta wurin da ranar. Guntayen da na nuna wa baƙi shekaru goma da suka wuce, wasunsu yau babu su.

Na takwas: Daura

Washegari ka kama hanya da ƙarfe bakwai. Daura na da nisan kilomita 80 ko kusa da haka, ta Mashi. Akwai motocin haya da na hukumar sufurin jiha, amma in kana son tsayawa a hanya, shata ta fi.

Tsayawar da ta cancanta ita ce Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da Katsina. Tuddai ne da aka binne sarakunan Durɓawa a ƙarƙashinsu. An fara tona wurin a 1907, aka sake a 1992, aka sami kayan hauren giwa da zinariya da tasoshin tagulla da duwatsun ado da wuri, wasunsu daga ƙasashe masu nisa suka zo. A ido tudu ne kawai da itatuwa, shi ya sa na ce ka fara jin bayaninsa a gidan tarihi. Ka sami direban da ya san mararrabar, in ka isa ka fara da gaida mai garin.

A Daura kai tsaye ka nufi rijiyar Kusugu, tana cikin gari, kowane yaro zai nuna maka. An gina ɗaki a kanta, akwai masu kula da ita. Ka cire takalmi, ka zauna a ba ka labarin ko da ka san shi tun firamare, domin jin sa a bakin rijiyar daban ne: Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya zauna Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa ta ce ba a samu sai Juma'a, saboda macijin da ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Da gari ya waye Galadima ya hango daga nesa, Ƙaura ne ya matsa har ya tabbatar ya mutu. Sarauniya Daurama ta auri baƙon, suka haifi Bawo, daga nan aka jero Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke tarihi da abin da ke hikaya a ciki. Labarin da kansa ya nuna Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da harshe, wato Hausawa sun riga shi. Ni abin da nake jan hankalin baƙo a kai shi ne jerin matan da suka mulki Daura kafin zuwansa, tun daga Kufuru har Daurama, da Tsohon Birni inda aka ce nan suka fara zama kafin a dawo inda garin yake yanzu. Ka tambayi wannan, ba kowa ke tambaya ba, kuma masu wurin suna jin daɗin amsa shi. Za a jawo maka ruwa da guga. Mutanen Daura na cewa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Ka sha in kana so, ka ba masu kula da wurin abin da ya sawwaƙa.

Daga nan ka taka zuwa fada, da ladabin da ka yi a Katsina. Akwai bambanci ɗaya babba da ya kamata ka sani kafin ka isa. Jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Daura, suka zauna Zango da Ɓaure, amma da Turawa suka zo sai suka dawo da tsohon gidan kan gadonsa ta hannun Sarki Musa. Ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar. Saboda haka tsofaffin sarautu da al'adun Haɓe sun fi zama da rai a nan, har da sarautar Magajiya. In ka tsaya a soron fada, ɗaga kai ka ƙidaya bakuna kamar yadda ka koya jiya.

Wanda ke son ganin Daura a cike, ya dawo a watan Rabi'ul Awwal lokacin Sallar Gani, ya nemi masauki tun da wuri. In kuma zuwanka ya faɗo Lahadi, kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa na ci, ba nisa daga Daura. A kowane hali ka yi azahar, ka ci abinci, ka sallami ɗan rakiyarka da abin kirki, ka kama hanya da la'asar sakaliya don magariba ta same ka a cikin Katsina.